Bauchi zuwa Gombe a keke cikin damina

Ɗan'uwa ka tambaya ko za ka iya taka keke daga Bauchi zuwa Gombe a watan Agusta, za ka iya mana, amma fa kar ka ce sai a rana ɗaya, kusan kilomita 150 ne. Ka fita bayan asuba don hadari ya fi haɗuwa da yamma. Waya da kuɗi ka ƙulle a leda, ka riƙe famfo da kayan faci. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, ga tireloli, ka kiyaye a gangara.

Ni da na yi ruwa ya tsare ni bayan gadar Dindima kafin Alkaleri, na jiƙe sharkaf ga taya ta sace, na raɓe a wata rumfa ina karkarwa sai ga wani dattijo ya ce yaro shigo zaure mana. Wallahi ko sunana bai tambaya ba aka kawo tuwon masara da miyar kuka, ɗansa ya yi min faci da hasken tocila. Da safe na miƙa kuɗi Baba ya ɓata rai, dole na mayar aljihu.