Tambayi Inna: Autana yana laluben tsoka a miya

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a Aboabo, 'ya'yana huɗu, ga ƙanen maigida yana zaune tare da mu. Maigidan tela ne. Kuɗin cefanen da yake ajiye min bai ƙaru ba, amma yankan da mahauci ke miƙo min kullum ƙanƙancewa yake yi. Na yanke shawara nama sai ranar Juma'a. To sauran kwana shidan me zan riƙa dafawa da dare? Da na ajiye tuwo sai autana ya tsoma yatsa cikin miya ya ce, "Mama, ina tsoka?"

Maman Auta, Kumasi

Wa alaikumus salam 'yata. Ai autan naki ya gama ba ki amsa. Bai ce miya ba daɗi ba, abin taunawa yake nema. Ni ma na sha wannan lalube a ƙarshen 2022, lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, ga jikoki uku a gabana. Abin da ya cece ni agushi ne.

Ki niƙa agushi da albasa, ki kwaɓa da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar ƙullin ƙosai. Ki soya albasa, tumatir, attaruhu da daddawa a manja, ki zuba ruwa rabin kofi. In ya tafasa sai ki riƙa ɗiba da cokali kina jefawa dunƙule-dunƙule, ki rufe, ki rage wuta. Kar ki juya, 'yata, ko hannunki na ƙaiƙayi. Minti 10 ya isa ya kama jikinsa. In kin yi gaggawa zai watse ya zama miyar agushi kawai, yaro ya koma lalube. Bayan nan ki zuba ganyen gwaza, kontomire ɗin nan da ya cika kasuwar Kejetia, ki bar shi ya nuna sosai don ɗanyensa yana sosa maƙogwaro. Da doya, da shinkafa, da dafaffiyar ayaba, duk yana tafiya. Kowa ya samu dunƙule biyu a kwanonsa.

Awara ma haka. Ki soya ta yi ja, ki jefa a miyar tumatir daf da saukewa don ta sha romo ba tare da ta ruguje ba. Wagashi, wato cukun nonon shanu, ya fi ta ɗanɗano amma ya fi ta kuɗi, na bar miki shi na ranar da maigida ya karɓi kuɗin ɗinki.

Sai wake. Ki daina sayen na kullum-kullum a leda. In kuɗi ya shigo ki auni olonka guda, gwangwanin awon nan na kasuwa, ki ajiye a mazubi mai murfi saboda ƙwari. Ki jiƙa tun safe, za ki ga gawayin da kike ƙonawa ya ragu. Dare ɗaya shinkafa da wake da karan dafi, wanda maƙwabtanmu suka karɓe suka mayar waakye, ki ɗora rabin dafaffen ƙwai a kan na kowa. Wani daren wake da manja da garin rogo, in ayaba ta yi araha ki soya biyu ki yanka sirara. Tubani kuwa yara sun fi manya so, sai dai ki sassauta kanwa, in ta yi yawa ɗaci take kawowa.

Tuwon zafi ba na cire shi daga lissafi. Kuka, ayoyo (wato lalo) da busasshiyar kuɓewa ba sa buƙatar tumatir, kin ga da rani in 'yan kasuwa suka ce na Burkina ne ya yi tsada, ba ruwanki. Amma ki sa daddawa ta gaske, ki daka ta da citta da barkono, kar ki dogara da dunƙulen magi shi kaɗai; gishirinsa ya fi ɗanɗanonsa yawa. Miyar gyaɗa ki cika ta da gauta, da damina kuma in kin ga naman kaza a hannun matan da kika saba saye gunsu ki ɗauka. Sunansa dai nama, ba ki yi wa auta ƙarya ba.

Ba ki faɗa min ko kifi na cikin abin da kika jingine ba. In ba ya ciki, busasshen ƙaramin kifin nan amane guda uku, a cire kai a daka, ya ishi tukunyar mutum bakwai.

Na Juma'ar nan kuma, ki ce wa mahauci ya haɗa miki da ƙashi. Ki tafasa, ki ɗebi romon ki ajiye a firji, ko na maƙwabciya ne, ki yi miyar kukar Asabar da shi.

Inna