Tambaya da Amsa: Yaya Za Mu Gane Shekarun Kakanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakanmu ya rasu a daminar 2024 a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi, inda ya yi rayuwarsa duka yana noma, kuma ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne masu yawa. Muna son mu rubuta tarihinsa domin na baya, amma an sami saɓani kan shekarunsa. Baffanninmu sun ce ya kai 120, katin shaidarsa kuwa ya nuna 1940 aka haife shi. Abin da muka sha ji daga bakinsa shi ne yana yaro mai kiwon awaki aka yi yunwar 'Yar Gusau, kuma ya yi auren fari a shekarar da Sarki Alhaji ya rasu. Wanne za mu ɗauka? Daga wani jikan marigayin.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗana, kada ku ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun, domin maganar da marigayin ya bar muku ta fi su ƙarfi. Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya hau gadon sarauta a 1926, ya rasu a ƙarshen 1953. Yunwar da ake kira 'Yar Gusau kuwa ta auku ne wajen 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da a ce an haifi kakanku a 1940, da yana goye a bayan mahaifiyarsa lokacin yunwar, da kuma yana ɗan shekara 13 aka ɗaura masa aure. Da a ce kuma ya kai 120, da an haife shi a 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Kano, da ya girmi zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, sannan da sai da ya kusa hamsin kafin ya ajiye iyali, abin da ba a saba gani ba ga ɗan manomi mai lafiya a wancan zamani. Idan muka ƙaddara ya yi aure yana da kimanin shekara ashirin, haihuwarsa za ta faɗo wajen 1933, ka ga ke nan yana ɗan shekara tara ko goma aka yi yunwar, daidai lokacin da ake tura yaro kiwo. Saboda haka ya rasu yana da kimanin shekara 91 a lissafin Miladiyya, ko 94 a lissafin Hijira, tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya.

Kada ku ga laifin baffanninku. A karkara, da zarar tsoho ya binne sa'o'insa duka, sai a fara yi masa ƙarin shekaru don girmamawa. Shi kuma katin, sau da yawa ma'aikaci ne yake duban fuskar mutum ya ƙiyasta. A takardarku sai ku rubuta "wajen 1933", ku kawo dalilin a ƙasa.

Sai dai ina ganin kun fi damuwa da adadi fiye da abin da adadin ya ƙunsa. Mutumin da ya yi auren fari a 1953 ya tashi ne a cikin gandu, inda magidanta ke noma ƙarƙashin mahaifinsu, ana ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma. Ku bincika yaushe ya fita daga gandun mahaifinsa, ko yaushe ya zama shi ne mai gandu, da gonakin da ya gada da waɗanda ya saya da guminsa. Ya ga zamanin da gyaɗa ce kuɗin manomi, ana kai ta kan sikeli, ana jibge buhunanta dala dala a Kano, kuma da kuɗinta ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke. Ya ga farin da aka yi a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule, sannan cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, wadda bayanta noman gyaɗa bai koma yadda yake ba. Ya ga lokacin da aka buɗe makarantun firamare na kyauta a 1976, kuma ya kamata ku ji ko ya saki 'ya'yansa sun shiga ko ya ɓoye su, domin wannan hukunci nasa shi ya tsara rayuwar da yawa daga cikinku. Ya kuma ga ranar da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, bayan ta hau mulki a 1979. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan turke ne da za ku ɗaura labarin gidanku a jikinsa: wa aka haifa a lokacin, dami nawa aka samu, wa ya tafi cin rani bai dawo ba.

Game da waɗanda za ku tambaya, ku fara da mata. Idan akwai matarsa ko ƙanwarsa a raye, ku zauna da ita tun yanzu, ku naɗi muryarta a waya bayan kun nemi izininta, domin tsofaffin mata sun fi maza riƙe jerin haihuwa da yaye da aure da rasuwa, kuma da wannan jeri ake gyara lissafin da ya karkace. Bayan su sai abokansa na gayya da na masallaci, da mai unguwa, da limami. Ziyartar abokan mahaifi bayan rasuwarsa ma wani nau'i ne na biyayya da Manzon Allah (SAW) ya yaba. Ku duba akwatinsa da gafakarsa, wataƙila ku tarar da tsohuwar takardar haraji, ko ta cinikin gona, ko wata rubutacciyar ajami da ke ɗauke da kwanan wata.

Idan ba a riga an raba gado ba, ku ɗauki dattawan da suka san iyakokin gonakinsa ku zaga tare, ku rubuta sunan kowace gona da maƙwabtanta da itatuwan da ke kan iyaka, sannan ku ba kowane ɗaki kwafi ɗaya tare da tarihin.