Sankarar jini: likita na amsa tambayoyinku kan gwajin ɓargo

Likita, maigidana ya sha maganin masassara bai ji sauƙi ba, jini na ƙare masa, dasashinsa na zubar jini. An ce a ɗebi ɓargo a yi gwajin sitometiri. Mene ne shi? (Daga Tibiri)

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da likitocinsa ke son tantancewa shi ne ko wani nau'in sankarar jini ne mai saurin yaɗuwa, wanda ake kira AML. A cikinta ɗanyun ƙwayoyin da ba su nuna ba ke cika ɓargo, su hana shi yin jini mai kyau. Idan suka kai kashi 20 cikin 100, ana ɗaukar cutar ta tabbata.

Madubin likita siffar ƙwaya kawai yake nunawa. Ita na'urar sitometiri, sai a shafa wa ƙwayoyin sinadari mai ƙyalli, su bi ta gaban hasken leza ɗaya bayan ɗaya, tana karanta alamomin jikinsu irin su CD33, CD34 da CD117, kamar yadda makiyayi ke gane dabbarsa da shaida. Irin wannan dabara ce ake ƙirga CD4 da ita, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ake aunawa ga masu cutar ƙanjamau. Kada ku tsallake gwajin nan, domin kowace irin sankara da nata magani. Akwai ma wani nau'in AML, wato APL, da ke jin maganin ATRA sosai idan an fara da wuri.

An ce ɗana ya samu sauƙi. Me ya sa za a sake huda masa ƙashi? (Daga Madarunfa)

Malam, na san abin da ciwo, kuma ganin ɗa a wannan hali ba sauƙi. Amma "sauƙi" a madubi na nufin ɗanyun ƙwayoyin sun sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne kawai. Na'urar kuwa tana gano ƙwaya mai cuta 1 cikin 1,000, har ƙasa da haka. Idan ragowar ta kai wannan adadi, haɗarin dawowar cutar ya ƙaru, sai a sake tsarin magani tun yaro na kan ƙafafunsa. Don Allah ku kai shi ranar da aka sa muku.

Jinin da aka ɗiba a Maraɗi ba zai lalace a hanya ba?

Zai iya. Ƙwayoyin masu rai ake buƙata, ya kamata su isa ɗakin gwaji cikin kwana 2 zuwa 3, ba a daskarar da su ba, zafin mota bai dafa su ba. Ku daidaita ranar ɗiba da ranar aikawa tare da likitanku.