Hawan jini ya taɓa ƙodar mahaifiyata, ta ce sai ta yi azumi

Tambaya: Allah gafarta Malam, mahaifiyata ta daɗe tana fama da hawan jini. Bana likita ya ce ƙodarta ta taɓu, ya hana ta azumi. Ita kuma ta ce ko za ta mutu sai ta yi. Mene ne hukuncin?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka mata da alheri kan kwaɗayin ibada. Amma ki gaya mata, cikin ladabi, ta ajiye azumin nan.

Hawan jini shi kaɗai ba ya sauke azumi. Da yawa suna shan ƙwayarsu da sahur ko bayan buɗa-baki bisa tsarin likita, su kai azuminsu lafiya. Hajiya ta wuce nan. Ƙoda matatar jini ce mai ƙananan jijiyoyi, hawan jini yana cin su a hankali, ba ciwo ba zafi. Ƙodar da ta riga ta raunana, a hana ta ruwa awa 13 ko 14 cikin zafin ƙasarmu, ga maganin sa fitsari a kai, tana iya tsayawa, a koma wankin ƙoda. Na sha ganin tsofaffi da la'asar, leɓe ya bushe, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, suna cewa saura kaɗan a sha ruwa.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 185, wanda ba shi da lafiya ko yake kan tafiya ya rama a wasu kwanaki, Yana nufin sauƙi gare ku, ba Ya nufin tsanani. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru an halatta masa ya sha. Wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani kuwa, shan ya zama wajibi, haka yake a littafin fiƙihu na Mukhtasar Halil. Maganar likita amintacce, wanda ya duba awon jininta, ita ake bi.

In ana sa ran sauƙi, ta rama lokacin sanyi da izinin likita. In ciwon ya zauna, babu ramuwa, sai ta ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya na hatsi kowace rana. Wajenmu mustahabbi ne, wasu malamai sun wajabta, don haka ta ciyar in da hali.

Ke kuma da ke riƙe da tukunya, rage mata gishiri da magi, ki ɗauke maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac daga ɗakinta, kada a ba ta jiƙe-jiƙe sai likita ya sani. Wallahu a'alam.