Ƙwayar halitta ba ta da ido, yaya haske ke nuna mata hanya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, 'yar Aboabo. An ce mana ana amfani da haske wajen nuna wa ƙwayoyin halitta inda za su zauna da inda za su bi. Su da ba su da ido, ta yaya?

Amsa: Ƙanwata, hasken ba da ƙwayar yake magana ba, da shimfiɗarta yake.

Shimfiɗar wani jel ne, kamar kafa idan ta huce ta daskare, yawancinsa ruwa. Ƙwaya ba ta zama a irin wannan santsi sai ta sami makama. Makamar da aka fi sani ita ce RGD, guntun furotin mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 3 kacal, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka bayyana a 1984. A fatar ƙwaya akwai wasu 'yan hannuwa, integrin, da su take lalubensa.

To ga dabarar. Ana cika jel ɗin da guraben da RGD zai maƙale, amma kowane gurbi an toshe shi da sinadarin nitrobenzyl. Hasken UV, wanda ido ba ya gani, galibi mai tsawon zango nanomita 365, shi ke ɓalle toshiyar. Kin taɓa tsayawa wurin masu buga rubutu a riga? Su ma zane suke ɗorawa a kan raga su haska: inda haske ya taɓa daban, inda zane ya tare daban. Haka nan ma: guraben da haske ya taɓa ne kaɗai ke buɗewa. Sai a zuba RGD, ya kama inda aka buɗe, a wanke saura. Ƙwaya ta zo tana lalube, ta bi layin.

A 2004, Luo da Molly Shoichet a Toronto sun zana irin waɗannan hanyoyi cikin jel na agaros (wanda ake samu daga ciyawar teku), zaren ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo suka miƙe ta ciki. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2009, lokacin da ɗakin binciken Kristi Anseth a Colorado ya haɗa jel da haske ke sassautawa alhali ƙwayoyin na ciki da ransu. Wato kina iya sauya musu ɗaki ba tare da kin fitar da su ba.

Sai dai kada a ruɗe ki da zancen gyara lakar baya gobe. UV idan ya yi yawa yana ɓata DNA, wato sinadarin gado na ƙwaya, kuma ba ya ratsa nama da nisa, shi ya sa yawancin aikin yana cikin faranti a ɗakin gwaji. Dangin wannan aikin da ya riga ya shiga asibiti shi ne shuɗin hasken da likitan haƙori ke daskarar da ciko da shi.