Amsa: me yasa ake yarda manya na riƙe da asirin juna?

Malam, ka tambaya me yasa ko a teburin mai shayi a nan Kano ake saurin yarda wai attajiran duniya na riƙe da asirin juna suna juya juna da shi. Ai dalilin shi ne wasu abubuwan sun faru da gaske.

Ka duba Jeffrey Epstein a Amurka, wani attajiri mai hulɗa da manyan mutane, 2008 ya amsa laifin neman yarinya ƙarama da lalata amma wata 13 kacal yayi a tsare, har barinsa ake ya fita ofis da rana, sai 2019 aka sake kama shi, a Agusta aka tsinci gawarsa a gidan yari a New York, masu gadi sun yi barci kyamara kuma ta samu matsala, hukuma tace rataye kansa yayi. To wa zai ji wannan bai yi zargi ba fisabilillahi? FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ma da kanta a 1964 ta aika wa Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, wasiƙar barazana da kaset ɗin sirrinsa.

Ni dai sunayen da ake turowa a WhatsApp wai na abokan harkar Epstein ne ban yarda da su ba, ɗaukar hoto da mutum ba hujja bace. A 2025 ma'aikatar shari'ar Amurka tace bata samu shaidar Epstein ya yi wa manya barazana da asirinsu ba, amma mutane da dama ko a can basu gamsu ba.