Amsa ga ɗiyata game da baikon godiya na ƙarshen shekara

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce bana ba za ki samu zuwa Zuru bikin Kirsimeti ba, kina tambaya ko ya wadatar ki turo kuɗi ta waya a sa a baikon godiya da sunanki. Kin kuma ƙara da maganar da ta fi taɓa ni, cewa a shekarar da aka sallame ki daga aiki, mahaifinki kuma ya yi wata uku a kwance, ba ki ga abin da za ki tsaya gaban ikkilisiya ki gode a kansa ba.

Bari in fara da asalin abin. Tun kafin Bishara ta shigo ƙasar nan, mutanen Zuru suna da bikin Uhola, wanda ake yi bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Da iyayenmu suka karɓi Almasihu, ba su yar da godiyar kaka ba, sai suka maida ita ga Ubangiji, domin sun same ta a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932. A Kubawar Shari'a sura 26 an umarci manomi ya zuba nunan fari a kwando ya kai gaban bagade, amma ba a ce ya ajiye ya juya ba. An ce ya buɗe baki ya faɗi yadda Allah ya fito da kakanninsa daga Masar. Wannan faɗar da baki ita ce abin da kuɗin waya ba zai iya yi miki ba.

Har yau ina ganin kakanki cikin hazon hunturu, ƙafafunsa fari fat da ƙura, yana ɗauke da damin dawa a ka, 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu suna waƙa, ana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. A bayansa akwai wata tsohuwa gwauruwa da ba ta taɓa kawo abin da ya wuce mudun wake da ƙwai uku a ƙwarya ba, kuma na lura dattawa sukan miƙe mata tsaye kamar yadda suke miƙewa ga mai buhun shinkafa. Bayan sujada a yi gwanjon kayan, a ware rabon gwauraye da marayu.

Game da shekara mai wuya, ba zan ce miki ba ta yi ciwo ba, domin na ɗanɗana irinta. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu leƙa gonar nesa, dami biyu kacal na ɗaure, na kuma ƙudura a raina cewa ba zan fita ranar godiya ba. Da asuba innarki ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kiran sunan yaran gida ɗaya ɗaya, kowa yana amsawa, har ta kai na ƙarshe, sa'an nan ta ce mini akwai gidaje a unguwarmu da za a yi wannan kira a ji shiru. Na ɗauki dami ɗaya muka tafi. Annabi Habakkuk, a ƙarshen sura 3, ya yi maganar murna cikin Ubangiji ko da gonaki ba su ba da abinci ba, garke kuma ya watse, amma sai a ranar na fahimci cewa da irinmu yake. Mahaifinki ya tashi daga jinyar nan da ƙafafunsa, ke kuma ba ki kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, in ji mahaifiyarki.

Saboda haka ki turo abin da ya sawwaƙa, ba laifi ba ne, zan kai da hannuna, kuma kada ki ci bashi domin a ji adadi mai yawa. Amma ki je majami'ar da kike sujada a can, musamman daren 31 ga Disamba, idan aka ba da dama ki tashi ki ambaci abin da Allah ya yi miki da sunansa, ko da muryarki za ta yi rawa.

Kada kuma ki manta da kwanon maƙwabta. A gidanmu ba a taɓa sauke tukunyar Kirsimeti ba tare da an rufe kwanuka an aiki yara gidajen maƙwabtanmu Musulmi ba, su da suke aiko mana da naman layya kowace Babbar Sallah, kuma naman da za mu ba su mahauci Musulmi ne yake yanka shi domin su ci da kwanciyar rai. Ko shinkafa mudu ɗaya kika dafa, ki fitar da nasu kafin ki zuba naki. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ranar bikin bayan an taso daga sujada.